Shimfiɗar Takalmi da Ciwon Baya: Wa Take Yi wa Amfani?

  

Yau maganarmu a kan wata 'yar shimfiɗa ce da ake sakawa a cikin takalmi. Wasu na roba ne, wasu na soso, wasu kuma masu tauri da ɗan tudu a tsakiya. Tallarta ta cika waya, ta shiga Facebook da WhatsApp, ana samunta a manyan kemis na Kano, har masu yawo da kaya a jaka sun fara kawo ta kasuwannin ƙauye. Abin da ake faɗa a kanta kuwa ba kaɗan ba ne. Wai da ka saka ta, ciwon baya ya tafi, kwankwaso ya saki, gwiwa ta daina ƙara. Tunda ciwon baya ya zama ruwan dare a yankin nan namu na Birnin Kudu da Gwaram, ya kamata mu zauna mu tantance: me wannan abu yake iyawa, me ya fi ƙarfinsa, kuma wa ya kamata ya kashe kuɗinsa a kai?

Mu fara da ƙafar kanta. Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga jijiyoyi da tsokoki sama da 100 da suka ɗaure su. Idan mutum ya jiƙa ƙafarsa ya taka siminti, zai ga sawun bai fito duka ba, akwai wani gefe na ciki da bai taɓa ƙasa ba. Wannan lanƙwasa ta tsakiyar tafin ƙafa ita ce sirrin tafiya. Akwai wata jijiya mai faɗi da kauri da ta taso daga dunduniya ta tafi har gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar. Duk takun da ka yi, lanƙwasar kan ɗan kwanta ta shanye nauyi, ƙafar ta ɗan karkata ciki, sannan ta sake ɗamewa ta tura ka gaba. A tafiya ta yau da kullum, nauyin da ke sauka a ƙafa ɗaya ya kan ɗan zarce nauyin jikinka. A guje kuwa ya kan ninka sau biyu zuwa uku. To ka ƙara da jarkar ruwa mai lita 25, wadda ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne, ko buhun hatsin da ɗan dako ke saukewa a kasuwar Sara ta Gwaram, ka ga irin aikin da tafin ƙafa ke yi ba tare da an gode masa ba.

Masu tallar shimfiɗa suna da hujja, kuma hujjar ba shirme ba ce. Suna cewa idan tafin ƙafa ya kwanta fiye da kima, ƙashin ƙwauri zai juya ciki, gwiwa ta bi shi, ƙugu ya karkata, daga nan tsokokin gadon baya su shiga aikin da ba nasu ba. A gyara ƙasa, in ji su, sama za ta daidaita. Ita shimfiɗar kuma abu uku take yi. Tana rage dukan da ƙasa ke yi wa dunduniya. Tana rarraba nauyi a kan tafin ƙafa gaba ɗaya maimakon ya taru wuri guda. Sannan tana iya ɗan tallafe lanƙwasar, ko ta ɗaga ƙafa ɗaya idan ta gaza 'yar'uwarta. Wannan sana'a ta daɗe. Tun farkon ƙarni na 20 wani Ba'amurke mai suna William Scholl ya fara ƙera irin wannan matallafi a birnin Chicago, kuma har gobe ana sayar da kaya da sunansa.

Sai dai magana mai daɗin ji daban, abin da gwaji ya nuna daban. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma an gwada.

A shekarar 2007, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci na duniya ta auna su, ta duba gwaje-gwaje shida a kan shimfiɗar takalmi da ciwon baya. Abin da ta samu shi ne shimfiɗa ba ta hana mai lafiya kamuwa da ciwon baya, kuma hujjar cewa tana warkar da wanda ya riga ya kamu ba ta da ƙarfi. A 2016, hukumar NICE da ke shimfiɗa ƙa'idojin jinya a Ingila ta umarci likitocinta da kada su riƙa ba da ita a matsayin maganin ciwon baya. Domin adalci, akwai wani gwaji da aka yi a Amurka a 2017 a kan mutum 225, inda waɗanda aka auna ƙafarsu aka yi musu shimfiɗa suka ji sauƙi bayan mako shida fiye da waɗanda ba a ba su komai ba. Amma mu lura, an kwatanta su ne da waɗanda aka bari hannu rabbana, kuma sanannen abu ne cewa mara lafiya ya kan ji dama-dama da zarar an kula da shi an ba shi wani abu. Ita kuwa shimfiɗar nan mai maganaɗisu da ake cewa tana jawo ciwo ta fitar, likitocin asibitin Mayo a Amurka sun gwada ta a 2003 a kan masu ciwon dunduniya, suka tarar ba ta fi wadda babu maganaɗisu a cikinta da komai ba.

Me ya sa haka? Saboda ciwon baya ba daga ƙofa ɗaya yake shigowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu shi, ko an yi hoto, ba a iya nuna wani ƙashi ko wata jijiya a ce ga mai laifin.

Mu dubi rayuwarmu a nan. Manomi ya duƙa da fartanya mai gajeren ƙota tun hantsi bai fito ba har azahar, noman fari, maimai, ga cirar gyaɗa, ga yankan shinkafa da riɗi da lauje. Uwargida ta yi shara a sunkuye, ta yi surfe, ta yi daka, ta yi wanki a tsugune, ga goyo a baya, wataƙila ga wani cikin. Ɗan acaɓa ya wuni yana faɗawa ramuka a hanyoyin ƙauye. Direba ya tashi daga Gwaram ya bi ta Babaldu da Kwanar Huguma da Wudil har Kano, ya juyo a ranar, a kan kujerar da sosonta ya mutu. Tela da mai ɗinkin hula sun wuni a zaune. Duk waɗannan bayansu na ciwo, amma ba ta tafin ƙafa ciwon ya shigo ba. Wanda ya wuni a duƙe babu abin da 'yar roba a ƙarƙashin dunduniya za ta canza masa.

To ke nan shimfiɗar banza ce? A'a, ko kusa. Misalinta misalin tabarau ne na likita. Wanda aka auna idonsa aka yanka masa gilashi daidai da matsalarsa, ya samu lafiya, har ciwon kan da raunin gani ke jawo masa ya tafi. Wanda kuwa zazzaɓi ne ke sa masa ciwon kai, ko tabarau goma ya saya a bakin titi, asarar kuɗi kawai ya yi. Saboda haka bari mu lissafa waɗanda wannan abu yake yi wa rana.

Na farko, mai ciwon dunduniya. Alamarsa sananniya ce: da asuba idan ya sauko daga gado zai tafi alwala, takun farko sai ya ji kamar an soke shi a diddige, bayan ya ɗan yi tafiya sai ya lafa, da yamma ya dawo. Wannan jijiyar nan ce mai faɗi ta gaji. Yana yawan kama masu dogon tsayi, irin malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu tireda, masu gadi, da masu ƙiba. A nan shimfiɗa na taimakawa. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya a 2006 a kan mutum 135 ya nuna tana kawo ɗan sauƙi a watanni uku na farko, ko da yake bayan shekara ɗaya kusan kowa ya samu sauƙi, da mai ita da mara ita. Abin da ya fi muhimmanci ga aljihunmu a wannan gwaji shi ne, shimfiɗar kanti mai inganci ta yi aiki daidai da mai tsadar da aka auna ƙafa aka ƙera. Wanda ke ɗingishi saboda ciwon ƙafa kuwa, sau da yawa bayansa ma ya kan ɗauka, kuma idan ƙafar ta warke tafiyarsa ta daidaita, bayan ya kan huta.

Na biyu, wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A nan ne alaƙar ƙafa da baya ta fi fitowa fili, kuma irin waɗannan mutane muna da su da yawa. An tabbatar wa Najeriya da rabuwa da cutar shan inna ta asali a watan Agustan 2020, amma dubban waɗanda ta taɓa a Jigawa da Kano da maƙwabta suna nan tare da mu, sun girma, wasu da ƙafa ɗaya siririya kuma gajeruwa. Ga wanda ya karye a hatsarin babur, aka yi ɗori a gida, ƙashin ya haɗe a kan juna ƙafar ta gajarce. Ga masu amosanin jini, wato sikila, da ciwon kan cinye musu kan ƙashin cinya. Ɗan bambanci kaɗan tsakanin ƙafafu kusan kowa na da shi, ba ya cutarwa. Amma idan ya kai santimita biyu ko fiye, ƙugu kan karkace, ƙashin baya ya lanƙwasa don ya rama, shekara da shekaru a haka. Irin wannan mutum, ƙarin tsawo a cikin takalmi ko a ƙasansa na iya sauƙaƙa masa tafiya da ciwo. Sharaɗin shi ne a auna. Ba a yin sa da ka, domin idan an zarce an buɗe wata sabuwar matsala.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi girma, waɗanda ƙafarsu ta daina jin zafi, wato masu ciwon suga da ya daɗe da waɗanda kuturta ta taɓa. Akwai wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946. Shi ne ya nuna wa duniya cewa ba cutar kuturta ce ke cinye yatsu da kanta ba. Jijiyar ji ce take kashewa, sai mutum ya taka ƙaya ko ƙusa ko garwashi bai sani ba, ya ci gaba da taka ciwon har ya zama gyambo, gyambon ya kai ga ƙashi. Shi da abokan aikinsa a can Indiya suka samar da takalma masu shimfiɗar wata roba mai laushi da ke rarraba nauyi, kuma wannan dabara ta yaɗu zuwa wuraren jinyar kuturta na ƙasashe da dama. Daga baya ya koma Amurka, aka gane cewa darasin nan ya shafi masu ciwon suga kai tsaye. A yau ciwon suga na cikin manyan dalilan yanke ƙafa a asibitocinmu, kuma galibi da ɗan ƙaramin rauni ake farawa. Ga irin waɗannan bayin Allah, takalmi mai faɗi da shimfiɗa mai laushi ba kayan ado ba ne, abin da ke tsakaninsu da wuƙar likita ne.

Don haka, baba, inna, in kuna da suga, ku riƙa duba tafin ƙafarku kullum, ko ku sa jika ya duba muku. A zazzage takalmi kafin a saka. A goge tsakanin yatsu bayan alwala. Kada a taka siminti ko yashi mai zafi ba takalmi, musamman a harabar masallaci ranar Juma'a da rani. Da hunturu kada a miƙa ƙafa kusa da wuta. Kada a yanke kanta ko kaushi da reza. Ciwo komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti a ranar.

Sai batun yara. Iyaye kan tsorata idan suka ga tafin ƙafar yaro a shimfiɗe, mai talla kuma ya samu kasuwa. Ku kwantar da hankalinku. Kusan duk jarirai haka ake haihuwarsu, lanƙwasar kan fito ne a hankali yayin da yaro ke girma. Wani bincike da aka buga a 1992 a kan yara 2,300 a Indiya ya samu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a kashi 8.6 cikin 100 na masu sa takalmi, amma kashi 2.8 kacal a cikin masu yawo ba takalmi. Ba cewa muke a bar yara su taka kwalba da ƙazanta ba, takalmi kariya ne daga rauni da tsutsar ciki. Abin nufi shi ne, ƙafar da ba ta ciwo ba ta neman gyara. Amma jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe tana kallon ciki, wannan a garzaya da shi asibiti tun yana ɗan kwanaki, domin ana gyara shi da filasta tun ƙashi na ɗanye.

Akwai kuma wani abu da tallar waya ba ta faɗa. An ƙera shimfiɗar nan ne domin takalmi rufaffe, sau-ciki ko kambas. Mu kuwa yawancinmu silifa ne da fade da takalmin roba. A ina za a saka ta? Wanda ya wuni a kan silifan da dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya har ta huje, kafin ya yi tunanin shimfiɗa ya fara canza takalmin. A nemi mai ƙasa mai ɗan kauri, mai maɗauri ta baya, mai faɗin da yatsu za su sake. Kuma kada mu raina dukawanmu da masu gyaran takalma. Ƙasar Kano ta yi suna a aikin fata tun ɗaruruwan shekaru, ga Kurmi ga Ƙofar Wambai. Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta cewa a ƙara santimita kaza a ƙafar hagu, baduku mai hankali zai iya yin aikin a kan kuɗi kaɗan.

Ina za a je a yi awon? Mu a nan Allah ya hutar da mu doguwar tafiya, domin Cibiyar Lafiya ta Tarayya na nan cikin garin Birnin Kudu. Mutanen Gwaram su fara da asibitin da ke kusa da su, in abin ya fi ƙarfin nan a tura su gaba. Idan ana buƙatar takalmi na musamman ko ƙarfen tallafa ƙafa, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, yana da sashen da wannan ne aikinsa. A nemi ganin likita ko masu gashin ƙashi, su duba tsayuwarka da tafiyarka, su auna ƙafafun. Ka tafi da tsohon takalminka, yadda ya cinye zai gaya musu abubuwa da yawa. In an ba ka shimfiɗa, kada ka wuni da ita ranar farko. Fara da awa ɗaya ko biyu, kana ƙarawa a hankali. In bayan makonni kaɗan ciwo ƙaruwa yake, ko ta yi maka kanta ko bororo, cire ta ka koma wurin wanda ya ba ka.

Shi kuma ciwon baya na gama-gari, mene ne abin yi? Yawancinsa ya kan lafa cikin makonni shida. Kwanciya kwana da kwanaki ƙara shi take yi, motsi daidai gwargwado shi ne magani. Manomi ya riƙa miƙewa lokaci-lokaci kafin bayan ya ƙage. A raba kaya biyu maimakon a ɗauka a tashi ɗaya, a matso da kayan kusa da jiki, a durƙusa da gwiwa wajen ɗagawa. A sa wa tsintsiya doguwar sanda. Maigida, ka taimaka wa iyali da ɗiban ruwa da kuɗin niƙa, wannan ma jinya ce. Sannan a yi hattara da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac, idan aka mayar da su abincin kullum, suna ƙwarzane ciki su lalata ƙoda. Tramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu.

Amma akwai ciwon bayan da ba a jira da shi, kuma ina roƙon a buɗe kunne a nan. Ciwon baya tare da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko wani ƙullutu da ya fara fitowa a gadon baya, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon baya tare da mutuwar ƙafa ko rashin ƙarfinta, ko fitsari da bayan gida su riƙa zubowa ba a sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi. Haka wanda ya faɗo daga bishiya ko babur, da wanda ciwon ke hana shi barci ko ya kwanta ko ya zauna, da mai ganin jini a fitsari. Waɗannan ba na shimfiɗa ba ne, ba na ƙaho ba ne, kuma kada a ce basir ne ko sanyi a zauna ana jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Muna kira ga hukumomin lafiya na Jihar Jigawa da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da su sa duba ƙafar masu ciwon suga ya zama al'ada a kowane ƙaramin asibiti, tunda ba ya cin kuɗi, minti biyu ne da ido da hannu. A kuma horar da wasu daga cikin dukawanmu aikin takalman masu lalura, don kada gurgu ko mai suga ya sai da akuya kafin ya samu abin da zai taka.

Kai kuma mai sauraro, kafin ka miƙa kuɗin gyaɗarka ko na riɗinka ga mai talla, tambayi kanka abu uku. Ƙafata na ciwo? Ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Ta daina jin zafi? In amsar ɗaya daga ciki e ce, tafi a auna ka, shimfiɗa na iya yi maka rana. In kuwa duka a'a ne, riƙe kuɗinka, ka sayi takalmi mai kyau, ka gyara yadda kake aiki, in ciwon ya wuce makonni shida ka ga likita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, mu kuma ya ƙara mana.